Hawan Dutsen Mambila: Abin Da Ya Kamata Mace Ta Sani Game Da Mugunyar Hanya

Makon nan zancen hanya za mu yi. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da hanya, ai wannan aikin direba ne?" To, dakata ki ji. Wace ce cikinmu ba ta shiga mota? Biki ya kan kai mu ƙauye, suna ya kan kai mu, ta'aziyya ma haka. 'Yan makaranta kuwa sau uku a shekara su ke komawa gida hutu, su kuma dawo. Ban da wannan, yau mata da yawa su ke tuƙa kansu, malaman makaranta, da ungozomomi, da ma'aikatan gona, kuma galibi ƙauyen da a ke tura su ba kwalta. In mota ta kife, ba ta tambayar wa ke riƙe da sitiyari. Har mai goyo da ke zaune can baya abin ya kan shafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara saboda haɗarin hanya. In an auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan wannan asara. Ta kuma ce cikin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa. Watau 'ya'yanmu da ƙannenmu ke nan.

Na zaɓi hanyar Mambila in yi miki misali da ita, don ta tara kome da kome. Akwai gargada, akwai taɓo, akwai rafi, akwai hawa da gangara, ga kuma hazo. Wadda ta san yadda a ke bin wannan hanya, sauran hanyoyin ƙauye ba za su ba ta tsoro ba.

Ina Ne Mambila?

'Yan makaranta, ku ɗauko taswira. Ku duba Jihar Taraba, wadda a ka cire daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991. Can kudu maso gabas, a bakin iyakar Kamaru, nan tudun Mambila ya ke, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, babban garinta kuwa Gembu. A da ƙasar tana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma riƙon Ingila. Ran 11 ga Fabrairu 1961 a ka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, mutanen arewacin wannan yanki su ka zaɓi zama da Nijeriya, a ka kira wurin Lardin Sardauna.

Bisan tudun ya kai wajen mita 1,600 daga gaɓar teku. A nan kusa ne dutsen Chappal Waddi ya ke, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ƙasa ce ta ciyawa shar da shanu, ana noman ganyen shayi a Kakara. Mambilawa da Kaka da Fulani da waɗansu kabilu ke zaune a wurin, Fillanci kuwa shi ne harshen kasuwa, ko da ya ke Hausa ma tana fid da baƙo.

Mai zuwa daga Jalingo ya kan bi ta Garba Chede, da Bali, da Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti ya ke, gandun da ya fi kowane girma a ƙasar nan. Daga nan sai Mayo Selbe a gindin dutse, sa'an nan a fara hawa zuwa Maisamari, da Nguroje, har Gembu. Tafiyar wuni ce cur. Babbar hanyar an yi mata kwalta, amma da zarar kin ratse zuwa ƙauyuka, sai jar ƙasa da duwatsu. Shi ya sa har yanzu tsofaffin motocin Land Rover ke jigilar mutane da kaya a can, inda ƙaramar mota ba ta iya shiga.

Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shirin tafiya tun jiya a ke yinsa. In motar gidanku ce, a kai ta wa makaniki ya duba birki da man birki, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da fanbel, da fitilu. A duba tayoyi huɗu, a duba ta biyar, don sau da yawa sai taya ta fashe a daji a tarar safiyar ma ba iska. A sa jak, da sifana, da famfon iska, da igiya mai ƙarfi, da shebur ko fartanya, da guntun katako mai faɗi. Katakon nan kada ki raina shi, shi a ke shimfiɗa wa jak in ƙasa ta yi laushi, in ba haka ba jak ɗin nutsewa zai yi. A cika tanki a babban gari, kada a dogara ga man kwalba na bakin hanya.

Naki shirin kuwa, uwargida, ga shi. Ruwan sha ya fi abin da ki ke tsammani za a sha, don ba ki san inda mota za ta tsaya ba. Guzuri mai jimre wa rana, kamar ƙuli-ƙuli, da dabino, da gurasa, da dambun nama. Tocilan, da ashana, da tabarma, da sabulu. Bandeji da maganin ciwon kai. Ki ƙulla sukari da gishiri, don in gudawa ta kama yaro a hanya sai ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan har ku isa asibiti.

Kada ki manta da rigar sanyi da bargo, ko da zufa ki ke yi a Jalingo. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Yaron da a ka ɗauko da 'yar shimi, kafin Nguroje haƙoransa sun fara kaɗawa.

Ki cika wayarki da caji, ki gaya wa na gida hanyar da za ku bi da lokacin da ku ke sa ran isa, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Sa'an nan ku yi sammako. Dare ba na mugunyar hanya ba ne, rami ba ya ganuwa, gadar da ruwa ya ci ba ta ganuwa, ga kuma miyagun mutane. In ba za ku isa da rana ba, ku kwana a gari.

Gargada Da Ƙura

Da rani abin da ke damun matafiyi shi ne gargada, watau inda hanya ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. Kin san abin da ke kawo ta? Tayoyin motoci ne. Taya ta taka ɗan tudu ta yi tsalle, inda ta dira ta tura ƙasa gaba ta yi wani tudun, ta bayanta ma ta yi haka, yau da gobe hanya duk ta tattare.

Direbobi su kan ce maganin gargada gudu, wai in an taka mota sai jijjiga ta ragu. Gaskiya ne tana raguwa, amma ga dalili: tayoyin ba su zama bisa ƙasa sosai, tsallake kunyoyin su ke yi. Tayar da ba ta kama ƙasa ba kuwa, ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Ranar da akuya ta gitta, ko kwana ta zo ba zato, sai motar ta sulale kamar an zuba mata kuɓewa. Ki riƙe wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In kuma an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya kan ninka sau huɗu.

In ke ce a sitiyari, ki riƙe shi da hannu biyu, manyan yatsunki a waje. Kada ki cusa su ciki, don in taya ta bugi dutse sitiyari ya kan fizge ya gurɗe yatsa. In taya ta fashe, kada ki danne birki da ƙarfi. Ki riƙe sitiyari gam, ki ɗaga ƙafa daga totur sannu, ki bar motar ta rage gudu, sa'an nan ki gangara gefe. In babbar mota na gabanki tana ta da ƙura, ki ja baya ki kunna fitila. Kada ki wuce ta cikin ƙura, ba ki san abin da ke tafe ba.

Taɓo

Daminar Mambila doguwa ce, ta fi ta Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Jar ƙasa in ta sha ruwa sai ta zama kamar sabulu. Dabarar taɓo ita ce kada a shige shi da gudu, kada kuma a tsaya a tsakiyarsa. A sa giya ta biyu tun kafin a shiga, a taka totur daidai wa daida, a wuce a hankali. In wurin ya yi miki duhu, ki sauka ki duba da ƙafa tukuna. Inda manyan motoci su ka haƙa kwari biyu masu zurfi, ƙaramar mota in ta bi su sai cikinta ya dafe bisa tudun tsakiya, tayoyi su yi ta juyawa a banza.

In mota ta kafe, to, totur ba ya fid da ita, ƙara binne ta zai yi. A sauke fasinja da kaya masu nauyi. A kwashe lakar da ke gaban tayoyi, a cusa rassa da duwatsu da ciyawa, ko tabarmar nan da ki ka ɗauko, sa'an nan a gwada gaba kaɗan baya kaɗan. Ke kuwa aikinki ki tattara yara ki kai su can gefe bisa tudu. Kada kowa ya tsaya daidai bayan taya, ta kan harbo dutse. In wata mota za ta ja ta da igiya, kowa ya yi nisa, gama igiyar da ta tsinke ta fi bulala.

Samarin ƙauye su kan zo su taimaka da turi. A gaishe su, a yi jinga tun kafin su sa hannu, a kuma biya su da sakin fuska. Ba domin su ba da nan za a kwana.

Rafi

Ga inda na fi so ki buɗe kunne. A Fillanci "mayo" kogi ke nan, kuma in kin duba taswirar wannan yanki za ki ga Mayo kaza, Mayo kaza, ba iyaka. Rafin dutse mayaudari ne. Da safe yara na wasa a cikinsa, da la'asar ya cika ya tumbatsa, ko da ɗigon ruwa bai sauka inda ku ke ba, don can bisa duwatsu a ka yi shi.

Ma'aikatan yanayi na Amurka sun daɗe suna gargaɗi da wannan awo: ruwa mai gudu in ya kai santimita 15, watau ya ɗan wuce idon sawu, ya isa ya ka da babban mutum. In ya kai santimita 30 ya isa ya tafi da ƙaramar mota. In ya kai 60 ko babbar jif ba ta tsira ba. Mota fanko ce cike da iska, ruwa ya kan ɗaga ta kamar ƙwarya. Ban da wannan, in inji ya zuƙi ruwa ta inda ya ke shan iska, nan take ya lalace, a bar ku tsakiyar rafi.

Saboda haka in ruwa ya shafe gada ko kwalbati, a tsaya. Ba wanda ya san ko gadar tana nan a ƙasa. A tambayi mutanen wurin, su ne su ka san halin rafinsu, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ruwan dutse yadda ya ke saurin cika haka ya ke saurin janyewa, sau da yawa jiran 'yan awoyi ya wadatar. In ruwan kwance ya ke kuma ba zurfi, wani ya shiga da sanda ya auna, fasinja su sauka, a buɗe gilasai, a shiga da giya ta ɗaya ba tsayawa. Bayan an haye a ɗan tattaka birki ana tafe a hankali har ya bushe, gama jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa.

Hawa Da Gangara

Daga Mayo Selbe hanya ta kan fara nannaɗe dutse kamar maciji, dutse a wannan hannu, kwazazzabo a wancan. Akwai hawan da a ke kira Biyu da Sisi. An ce sunan ya samo asali ne daga ladan da a ke biyan 'yan alaro su hau da kaya a ka, sule biyu da sisi, tun zamanin da ba a fara kashe naira ba, don ita sai 1973 ta fito.

A hawa mota ta kan yi nishi, kuma ba lalacewa ta yi ba. Iskar bisa ba ta da kauri kamar ta ƙasa, inji kuwa da iska ya ke ƙona mai. Galibin injuna su kan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsu duk mita 300 da a ka hau, kafin a kai bisa tudu ƙarfin ya ragu da wajen kashi 15. Wannan iskar ce kuma za ta sa wakenki ya daɗe bai nuna ba a Gembu, don a can ruwa ya kan tafasa tun yana wajen digiri 95. To, motar da a ka lafta wa kaya fiye da kima, ga ƙarfi ya ragu, ita ce kan kasa a tsakiyar hawa ta fara komawa da baya.

A sa ƙaramar giya tun daga gindin hawa. A riƙa duban allurar zafi. In inji ya yi zafi a tsaya a kashe shi, a ba shi kamar rabin awa. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto yana da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsiri ya sale fuska. Duk inda a ka tsaya bisa gangara, a ja birkin hannu, a bar mota cikin giya, a sa weji ko dutse a ƙarƙashin taya.

Amma gangara ta fi hawa haɗari. Dokar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. In mota tana cikin ƙaramar giya, injin da kansa ke riƙe ta. Wanda ya dogara ga birki kaɗai tun daga bisa har ƙasa, birkin zai yi zafi, man birki ma ya kan tafasa, sai ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa zuruf. In motarki mai sauya giya da kanta ce, ki mai da ita kan L ko 2. Waɗansu direbobi su kan cire giya, ko su kashe inji a gangara wai don tattalin mai. Wannan ganganci ne tsantsa, gama a yawancin motoci in inji ya mutu birki da sitiyari duk sai su yi tauri. In kin ji ƙauri kamar na ƙonannen roba, birki ne ke kuka, a tsaya ya huce.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama. Ki tsaya a hannunki a kowace kwana, ko da kin ga hanya fayau, ki kuma yi ham kafin ki sha kwanar. Inda hanya ta matse, mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya. In gajimare ya sauko ya rufe dutse har ba ki ganin gabanki, ki kunna ƙananan fitilu, manyan ƙara makantar da ke za su yi. In garken shanu ya tare hanya, ki tsaya ki jira, kada ki firgita su da ham.

Yara Da Mai Juna Biyu

Mu mata mun saba rungume yaro a cinya a kujerar gaba, muna ganin hannun uwa ya fi kome. Karon mota a gudun kilomita 50 a awa daidai ya ke da faɗowa daga bisan mita 10, watau bene mai hawa uku. Ba hannun da zai iya riƙe yaro a wannan hali. Wurin yara baya ne, a ɗaure. Kada ki haɗa kanki da yaro cikin bel ɗaya, nauyinki zai danne shi. Mai juna biyu ita ma ta ɗaura, amma bel ɗin ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki bisa ƙashin ƙugu, na bisa ya bi tsakanin ƙirji. Wadda cikinta ya tsufa kuwa, in asibiti na da nisa, gara ta matsa kusa da shi tun hanya ba ta lalace ba, kada naƙuda ta same ta a bakin rafi.

Yaron da mota ke sa wa amai, kada a cika masa ciki da maiƙo, a sa shi ya riƙa duban nesa, a bar iska ta shigo. Kada kuma a bar yaro cikin rufaffiyar mota a rana, ko na ɗan lokaci ne.

Fasinja Ma Tana Da Baki

Yanzu ga abin da ya fi wuya. An tarbiyyantar da mu da kunya, har mace ta kan ga direba na gudun fitar rai ta yi shiru, wai kada a ce ta cika baki. Kunya ado ce, amma ba a wannan wuri ba. Kuɗinki ki ka biya, ranki da na 'ya'yanki ke cikin motar.

Tun a tasha ki buɗe ido. In tayoyi sun suɗe kamar tafin hannu, ko kaya sun yi tsororuwa bisa rufi har motar ta karkace, ko idon direba ya yi ja yana magana ba kan gado, ki jira ta gaba. In kun kama hanya ya fara ganganci, ki yi masa magana da ladabi: "Malam direba, don Allah a sassauta, akwai yara." Galibi da mutum ɗaya ya fara, sauran fasinja su kan goyi bayansa, dama kowa jira ya ke wani ya fara. In ya ƙi ji, ki sauka a gari na gaba, asarar kuɗin mota ba ta kai asarar rai ba. In maigida ne ke tuƙi, kin fi kowa sanin yadda za ki shawo kansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122, ki rubuta ta ki ajiye.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da ba su yi boko ba wannan shafi, musamman zancen rafi da na riƙon yaro a cinya. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Wadda ta bi a hankali ita ce za ta isa Nguroje ta sha shayi mai zafi, tana kallon shanu cikin ciyawa har iyakar ganinta.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.